Idan an naɗa ka nazirin waƙafi: abin da shari'a da doka suke nema a wurinka

Wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci, Baffana, yayan mahaifina, ya aika a kira ni. Na same shi a zaure da limamin unguwarmu da wasu dattawa biyu, a gabansa ga tsohuwar jakar fata, ga makullai a ɗaure da zare ɗaya. Ya ce, "Zauna nan, ɗana. Shagunan nan 6 na bakin titi na cire su daga dukiyata, na yi waƙafinsu ga Islamiyyar unguwa. Kai za ka riƙe." Na ce, "To Baffa, Allah ya ba ni iko." A raina na ɗauka aikin bai wuce karɓar kuɗin haya in miƙa wa shugaban makaranta ba. Liman ne ya dube ni ya ce kada in yi saurin amsawa, in je in kwana da maganar, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Yau shekaru sun ja, Baffa ya riga mu gidan gaskiya, shagunan suna nan, makaranta tana cin moriyarsu. Mutane sukan zo mini da irin wannan magana: an bar wa wani riƙon gidan haya na marayu, an sa wani cikin amintattun masallaci, wata an damƙa mata gonar da mahaifinta ya yi hubusinta, wato waƙafinta. Tambayarsu ɗaya ce, daga ina za a fara. Abin da nake faɗa musu a zaure shi ne na rubuta a nan.

Da farko ka san matsayinka. A kowace amana irin wannan ɓangare uku ne: mai dukiyar da ya fitar da ita, waɗanda aka fitar dominsu, sai kai da aka ɗora a tsakiya. A waƙafi sunanka naziri, a dukiyar marayu sunanka wasiyyi, a takardun gwamnati kuma ana ce da ku amintattu. Makulli yana hannunka, sa hannunka banki ya sani, kai 'yan haya suke gaisarwa, amma ko ƙusa ɗaya a ginin ba taka ba ce. Asalin waƙafi, wato tsare dukiya a riƙa sadaka da amfaninta, yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito: Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibar, ya nemi shawarar Annabi (SAW), aka ce masa in ya so ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Umar ya yi haka, bisa sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada. Ya kuma rubuta cewa bayansa 'yarsa Nana Hafsa ce za ta kula da shi. Saboda haka mai cewa mace ba ta riƙe waƙafi, sai ya koma ya duba.

A wurin malaman fiƙihu hannun naziri hannun amana ne. Ma'anarsa, idan gobara ta tashi daga maƙwabta ta cinye shago, ba za a ce ka biya ba. Amma akwai ƙofa biyu da biyan diyya yake shigo maka ta cikinsu: ƙetare iyaka, wato ka yi abin da ba a ba ka izini ba, da sakaci, wato ka bar abin da ya wajaba ka yi. Duk sauran bayanin da zan yi, hanyar toshe ƙofofin nan biyu ce.

Kafin ka karɓi makulli, ka nemi a rubuta. Na san yadda muke: a yi magana a gaban dattawa, a shafa fatiha, a watse. Dattawan nan za su rasu, kai ma za ka rasu, ginin kuma yana nan. Takardar waƙafi ta faɗi wace dukiya ce da iyakokinta huɗu, su wa za su amfana, a kan me za a kashe kuɗin, wa zai kula, wa zai gaje shi a kulawar, nawa ne ladan aikinsa in akwai, sannan ina amfanin zai koma idan makarantar ko asibitin ya daina aiki. Mai waƙafi ya sa hannu, shaidu adilai su sa hannu, kuma ya fi kyau manyan magadansa su kasance a wurin su ji da kunnensu. Mu mun zauna da malami ya duba ɓangaren shari'a, lauya ya duba ɓangaren doka, muka rubuta da Hausa yadda kowa zai karanta, aka yi kwafi da Turanci saboda ofisoshi. Tun ran gini ran zane.

Ga wurin da nake so ka tsaya sosai, domin a nan waƙafi da yawa suke rushewa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu suke bi, furuci kaɗai bai wadatar ba, sai dukiyar ta fita daga hannun mai ita ta shiga hannun naziri ko masu amfana. Idan mutum ya ce ya yi waƙafin gida, amma ya ci gaba da karɓar haya yana sawa a aljihu har ya rasu, ko ya talauce bashi ya rufe shi, ko ya kwanta ciwon ajali kafin a karɓa, waƙafin ya ɓaci, gida ya koma cikin gado. Haka idan ya ajiye wa kansa kulawar a matsayin sharaɗi, malaman Malikiyya ba su yarda ba. Wanda kuma ya yi waƙafi yana cikin ciwon ajali, hukuncinsa hukuncin wasiyya ne, ba ya wuce sulusin dukiya sai magada sun amince.

Liman ya san wannan, shi ya sa washegarin sa hannu ya tasa mu gaba har bakin shagunan. Baffa na dogara sanda, muka bi su ɗaya bayan ɗaya: tela, mai sayar da hatsi, mai gyaran waya, har na ƙarshe. A kowane shago Baffa yakan ce, "Daga yau ba ni da haya a wurinka, ga wanda za ka ba." Muka soke tsofaffin yarjejeniyoyi, muka rubuta sababbi, na ba kowa rasit na farko da hannuna. Bayan rasuwar Baffa, ranar da aka zauna lissafin gado, ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ce mini, "Yaya, shagunan nan fa na Baba ne, a sa su cikin rabo." Ban yi musu da shi ba. Na buɗe jaka na fito da takardar waƙafi da kwafin rasit na shekarun da na yi ina karɓa Baffa yana raye da lafiyarsa. Malamin da ke rabon ya duba ya ce waɗannan sun fita tun tuni. Da takardar kaɗai na riƙe babu shaidar karɓa, da maganar ta yi tsawo.

In rigima ta ƙi ƙarewa a zaure, kotun shari'ar Musulunci ce wurin zuwa. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa waƙafi da kyauta da wasiyya da gado na Musulmi, da kuma riƙon yaro ƙarami, cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take da hurumi a kansu. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, a Kano ana ce mata Hukumar Zakka da Hubusi. Ka kai musu kwafin takardarka su san da zaman waƙafin, ƙarin shaida ne.

Sai maganar sunan da ke kan takardar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, kuma mai takardar C of O, wato shaidar mallakar fili ta gwamnati, ba ya mayar da haƙƙinsa ga wani sai da amincewar gwamna. To, sunan wa za a mayar? Kada ka yarda a sa sunanka kai kaɗai, ko da kowa ya yarda da kai. Ranar da ka faɗi, 'ya'yanka za su ga takarda da sunan ubansu, kuma ba za ka tashi ka yi musu bayani ba. Idan ana bin ka bashi, mai bashi ma sunanka zai gani. Mafita ita ce a yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni, CAMA, ta 2020, ɓangaren da ya fara daga sashe na 823. Ana buƙatar amintattu 2 ko fiye, da kundin tsarin ƙungiya, da bayanin taron da aka zaɓe su. Wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda aka ayyana ya yi karayar arziki bai farfaɗo ba, da wanda aka yanke wa hukunci kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara 5 da suka wuce, duk ba sa zama amintattu. Ana buga sanarwa a jaridu 2 na kullum, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Idan satifiket ya fito, amintattun sun zama jiki ɗaya a idon doka: yana mallakar fili da sunansa, yana kai ƙara, ana kai shi, kuma mutuwar ɗayanku ba ta kashe shi. Mu 3 ne a namu: ni, da wani malamin makarantar da ya yi ritaya, da Gwaggona, ƙanwar Baffa, wadda ta fi mu duka tsantseni a kan kuɗi.

Yanzu kuɗi. Ka buɗe asusu da sunan amintattu, a sa sharaɗin sai mutum 2 sun sa hannu kafin a cire. Ka hana 'yan haya turo maka kuɗi a asusunka, ko da dare ne, ko da sun ce hanyar bankin ta ƙi. Da zarar kuɗin amana ya gauraya da naka, ba ka da bakin cewa wanda ya ɓata na waƙafi ne ba naka ba, kuma duk inda aka yi shakka a kanka za ta faɗa. Rance ma haka: "bari in taɓa, ƙarshen wata in mayar" ita ce kalmar da ta kai mutanen kirki da yawa gaban alƙali. Ina da babban littafi mai baƙin bango, shafin hagu abin da ya shigo, shafin dama abin da ya fita. Kowane layi da kwanan wata, da suna, da dalili, da lambar rasit. Mai gyaran da ba shi da rasit, kamar birkila ko mai kwasar kwata, nakan rubuta a takarda ya sa hannu ko ya dangwala, wani ya shaida. Rasit ɗin shagunan kayan gini da yawa yana gogewa bayan 'yan watanni, don haka ina ɗaukar hotonsa a waya ranar da aka ba ni.

Idan kuɗi ya shigo, gyaran asalin dukiya ne farko, kafin masu amfana. Wannan hukunci ne da malamai suka yi bayaninsa, kuma shi ya fi wuyar aiwatarwa. Wata damina rufin shaguna 2 ya fara yoyo, ruwa yana bin bango har fenti ya kumbura, buhunan mai hatsi na ƙasa suka jiƙe. A watan kuma malaman Islamiyya suna jiran alawus. Shugaban makaranta ya zo har gida ya ce, "Alhaji, malaman nan da iyali, rufi ai zai iya jira." Wallahi na ji nauyinsa, domin na san gidajensu. Amma na ce masa idan bango ya sha ruwan damina guda, baɗi ba rufi za mu gyara ba, gini za mu tayar, kuma 'yan haya za su tashi. Muka canza kwano da katako, malamai suka karɓi rabi, muka cika musu bayan wata 2. Tun daga lokacin muke ware kaso daga kowace haya mu ajiye don gyara, ba a taɓa shi ko da Sallah.

Abin da ya rage, a kashe shi inda mai waƙafi ya ce, ba inda ka ga ya fi lada ba. Malamai suna cewa sharaɗin mai waƙafi kamar nassin aya ko hadisi yake wajen aiki da shi, muddin bai saɓa wa shari'a ba. An taɓa zuwa a ce mu ba da gudummawar haƙa rijiyar burtsatse, an zo don shimfiɗar masallaci, an zo don maras lafiya. Duk alheri ne, amma Baffa Islamiyya ya rubuta. Nakan ba da abin da zan iya daga aljihuna, in ce na waƙafi ba ni da iko da shi. Sayarwa kuwa, ka cire ta daga ranka. Ko an zo da tayin da ya ninka kuɗin ginin, ko an ce za a saya muku wanda ya fi shi a wata unguwa, ba kai ke yanke wannan ba. Malikiyya sun tsananta ƙwarai a kan sayar da gida ko fili na waƙafi. Idan gwamnati ta rushe don faɗaɗa titi ta biya diyya, kuɗin ba na rabawa ba ne, a sayi madadinsa da sanin alƙali.

Akwai jarrabawar da take zuwa da fuskar zumunci. Shago ɗaya ya zama babu kowa, ƙanena ya ce in ba shi, ya kuma nemi ragi tunda na gida ne. Ƙa'ida ita ce hayar waƙafi ta zama daidai da hayar irinsa a layin. Idan ka rage don son zuciya, gibin a wuyanka yake. Na ce ya je wurin sauran amintattu biyun su yanke ba tare da ni ba, suka tambayi hayar shagunan maƙwabta, suka faɗa masa, ya ga bai iya ba ya haƙura. Ya yi wata guda ba ya shigowa gidana, daga baya ya sauko. Kai kanka kuma kada ka hayi dukiyar da kake riƙo, kada ka sayar mata da kayan shagonka, kada ka ba kamfaninka kwangilar gyara. Lauyanmu ya ba ni labarin wata tsohuwar shari'a ta Ingila a 1726, wadda har yau ake koyar da ita ga ɗaliban lauya: wani yana riƙe wa yaro ƙarami hayar kasuwar Romford, wa'adi ya ƙare, mai kasuwar ya ƙi sabunta wa yaron, sai mai riƙon ya karɓa da sunansa. Kotu ta ce ya mayar wa yaron, har da ribar da ya ci, ko da yake bai yi zamba ba. Hujjar alƙalin ita ce, idan aka buɗe wannan ƙofa, ba mai riƙon da zai ƙara dagewa wajen nema wa yaro haƙƙinsa. Da na ji, sai na ga abin da malamanmu suke faɗa ne da wani harshe.

Ladan aiki halal ne in an rubuta shi. A waƙafin Umar an ce babu laifi mai kula ya ci daga ciki gwargwadon al'ada, ba tare da ya tara dukiya ba. Game da marayu kuwa, aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce mawadaci ya kame, mabuƙaci ya ci gwargwadon abin da aka sani. Amma kada ka yanka wa kanka. Ko dai mai waƙafi ya ambata, ko alƙali ya ƙayyade. Idan kun yi rajista da CAC, dokar ta hana raba riba tsakanin 'yan ƙungiya, ta kuma taƙaita biyan masu gudanarwa, cikin abin da ta bari a sarari akwai a mayar maka da abin da ka kashe daga aljihunka kan aikin. Ni kuɗin mota da na buga takardu kaɗai nake karɓa, su ma da rasit.

Zan faɗi inda na yi kuskure, domin sakaci ba ya zuwa da ƙara. Wani ɗan haya, abokina tun muna yara, ya fara jinkiri. Wata 3 ya zama 6, ya zama shekara, ina jin kunyar tsananta masa, ban kuma gaya wa sauran amintattu gaskiyar yawan bashin ba. Rana ɗaya aka wayi gari ya kwashe kayansa ya bar gari. Da muka zauna, Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, kunyar taka ce, kuɗin kuwa na yara ne. Da wanne ka biya wanne?" Na tambayi malami, ya ce abin da ya taru bayan lokacin da ya kamata in ɗauki mataki, ni zan biya. Na biya a hankali cikin watanni, na rubuta a littafi da sunana. Yanzu ƙa'idarmu a rubuce take: wata 2 takardar tunatarwa, wata 3 zama da amintattu duka, bayan nan sanarwar tashi yadda dokar haya ta tanada. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Sau ɗaya a shekara, ka tara waɗanda abin ya shafa ka karanta musu lissafi, ko ba su nema ba. Mu muna yi a harabar makaranta bayan ƙaramar Sallah: shugaban makaranta, wakilan iyaye, liman, da wakilin gidan Baffa. Ina ɗora littafi da takardar banki a kan tabarma, mai so ya buɗe. Masu amfana suna da haƙƙin ganin lissafi, kuma suna da haƙƙin kai ka kotu in ka ƙi. Ita ma CAC tana neman rahoton shekara, tana cin tara idan an makara, kuma dokar 2020 ta ambaci ajiye takardun kuɗi na shekara 6. Ni ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. Sashe na 839 na dokar, wanda ya yi maganar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan an samu almundahana, ya tayar da ƙura daga ƙungiyoyin addini har aka kai ga shari'a a kansa. Amma tun kafin a rubuta shi, alƙali yana da ikon tuɓe nazirin da ha'incinsa ya tabbata, ko wanda ya gaza, ko ya haɗa shi da wani mai sa ido.

Idan ka gaji, ko tsufa ya zo, ko za ka bar gari, ba a ajiye amana ta hanyar daina zuwa. Ka rubuta takardar ajiye aiki, a zaɓi magaji yadda takardar waƙafi ta tsara, a sanar da CAC a canza suna ta hanyar da doka ta shimfiɗa, a sanar da banki, a zagaya da sabon naziri wurin 'yan haya kamar yadda aka zagaya da kai. Har sai an gama wannan, nauyin yana kanka. Mai riƙon dukiyar maraya kuma, ayar nan ta Suratun Nisa'i ta faɗi lokacin miƙawa da yadda ake yi: a jarraba yaro, idan ya balaga aka ga hankalin riƙon dukiya a tare da shi, a ba shi kayansa, a kafa shaidu. Ka fara da ba shi kaɗan ya juya ka gani, ranar miƙawa kuma ya sa hannu a kan cikakken lissafi.

Jakar fatar Baffa tana nan, amma takardun yanzu suna cikin akwatin ƙarfe, kwafinsu ɗaya a wurin Gwaggo, ɗaya a wurin liman. A cikin murfin akwatin na manna takarda mai jerin abin da ke ciki: takardar waƙafi, satifiket na rajista, takardar fili, yarjejeniyar haya 6, littattafan lissafi, lambar asusu. Na zaunar da maiɗakina da babban ɗana na nuna musu, na ce duk ranar da ta Allah ta kasance, wannan akwati ba ya shiga lissafin gado, a kira sauran amintattu biyu a damƙa musu shi kafin a yi sadakar uku. Na sa ɗan nawa ya karanta jerin da bakinsa, ya sa hannu a ƙasan takardar.